Gwanaye Biyu a Iyakar Jibiya

Rigar da aka sa wa Lawal ba tasa ba ce, hannunta har ya rufe masa yatsu. Ta mai wayar iska na barikinsu ce, wanda kurkunu ya kwantar ana gobe za a tafi Jibiya.

A shekarar ce Ingilishi da Faransi suka shirya taimakon juna wajen tsaron iyaka. Aka kawo sabuwar wayar iska, aka ce kowane ɓangare ya turo gwaninsa su haɗa ta tare, rana ta uku manya su zo gwaji. Kyaftin na ɓangaren Ingilishi ya ga in ya ce nasa gwanin na kwance, ya sha kunya gaban Faransi. Sai ya kira Lawal, mai yanko wa dawaki ciyawa.

"Kada ka taɓa komai. Bar nasu ya haɗa, kai ka riƙa gyaɗa kai. In asiri ya tonu, a bakin aikinka."

Lawal kuwa bara ya binne matarsa Rabi'a, ta bar masa 'ya'ya huɗu. Aikin nan shi ne tuwonsu.

Gwanin Faransi, Ya'u, Bagobiri ne, ga tsumma a kafaɗa, ga tabon ƙuna a hannu. Lawal ya ce a ransa, aikin lantarki ke nan, wannan ya sha wuya kafin ya iya.

Aka buɗe akwati a gindin tsamiya.

"Bismilla," in ji Lawal, "baƙo shi ka farawa."

"In shiga gaban mai gida? Ko da Bakatsine bawana na, yau dai na girmama ka."

Haka suka yi ta miƙa wa juna girma har la'asar.

Kashegari Ya'u ya fito da kayan ɗaya ɗaya, ya goge su har suna ƙyalli, ya jera manya gefe, ƙanana gefe. Lawal na gyaɗa kai. Don dai a ga ya yi wani abu, ya ɗaga wata igiya. Ya'u ya ƙura masa ido ko ƙiftawa babu. Lawal ya ce a ransa gwada ni yake, ya mayar da ita a hankali. Da aka kawo musu tuwo daga ƙauyen Farfaru, Lawal ya kasa ci. Ya'u kuwa ya lasa, ya ce daddawa ta yi yawa.

Rana ta uku da hantsi aka ji ƙahon mota ta hanyar Katsina, aka ji wani ta hanyar Maraɗi. Waya tana nan a jere a kan tabarma. Lawal ya tuna yaransa, ya cafke hannun Ya'u.

"Don Allah Bagobiri, rufa mini asiri ka haɗa ta. Wallahi ban san kanta ba. Ciyawa nike yanka."

Ya'u ya dube shi, ya dubi motocin, ya sulale ya zauna a kan akwati.

"Bakatsine, ka kashe ni. Kwana ukun ga kai nike jira. Ni kukun Kumandanmu na."