Kujerar Mai Binciken Jaka

Ranar da mai kamfanin ɗinki ya sallami mai gadin da ke binciken jakunkunan ma'aikata, wata tela a cikinsu ta ɗauka sun yi nasara. Shekara biyu ta yi tana kai koke kan wannan cin fuska.

Da aka tashi aiki, sai ta tarar da layi a bakin ƙofa. Kowace mace tana buɗe jakarta a gaban kujerar da babu kowa a kai, ta ɗan girgiza ta, sannan ta wuce.

"Wai wa kuke nuna wa?" ta tambaya, ranta a ɓace.

Tsohuwar da ta koya mata ɗinki ta ce, "Haba 'yata, me muke ɓoyewa? Mutumin nan ya rufa mana asiri. In zare ya ɓace, ba mu za a zarga ba?"

Kafin mako ya zagayo, tsohuwar ta hau kujerar da kanta. Ta ma fi mai gadin tsanani, har ɗankwali take sa a kwance. Mai kamfani ya zo wucewa yana murmushi, ya ce, "Ni fa ban sa kowa ba."

Takaici ya ishi telar. Ta rantse ba za ta tsaya ba, ta ratsa layin kanta a sama, tana jan tsaki.

Sai da ta kai bakin titi ta duba hannunta. Jakarta a buɗe take, ba ta ma san lokacin da ta zuge zip ɗin ba.