Bangon Littafina a Takalmin Baba

Da la'asar ne, a ƙofar gidanmu da ke Jiddari Polo. Baba, kurtun soja, yana zaune a kan tabarma yana jujjuya takalminsa na aiki da ya huje ta ƙasa. Ya ce in miƙo masa tsohon littafina na makaranta. Ya yage bangon, inda na rubuta sunana da jan biro, ya ninke ya cusa a cikin takalmin.

Na ce, "Baba, in aka harbe ka a daji fa?"

Ya yi dariya. "Mu ba ma barin namu a daji, 'yata. Ko gawa ce, a kafaɗa ake kawo ta gida."

Ba a kawo shi ba. Abokin aikinsa da ya zo ta'aziyya ya rantse cewa harbi ya yi yawa, babu wanda ya iya kaiwa inda Baba ya faɗi. Ya tuɓe takalmi a bakin zaure ya shiga. Na leƙa cikin takalmin, sai ga sunana da jan biro.

Har yau abin yana ci mini rai. Mutumin ya samu lokacin kwance igiyar takalmi, bai samu na ɗauko Baba ba.