Shekarar Gobara

Tun da asibiti ya fara goge wa mutane baƙin labarinsu daga ƙwaƙwalwa, layi ba ya ƙarewa. Ramlatu ta raka mahaifiyarta. A ƙofa suka haɗu da Malam Tanko, wanda ya binne ɗansa bara, yana murmushi yana mamakin ɗan takalmin da ke aljihunsa.

Likita ya ce, "Inna, shekarar gobara za mu cire?"

"Ita ke hana ni barci."

Ramlatu ta kama hannunta mai tabon ƙuna. "Ke kike ce mata shekarar da muka rasa komai. Ni ko'ina cewa nake shekarar da kika fito da ni daga wuta."

Inna ta dubi tabon, sannan ta juya ga likita.

"Likita, bar min abata. Ashe a tsakiya nake tsayar da labarin. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."