Ƙwayar da Ba a Raba Ba

Da hantsi ta shigo kantin magani, ta ajiye akwatin ƙwayoyin mahaifinta a gaban mai kantin. Kwana goma sha biyu ke nan da aka tsinci gawar Baba a ofis, amma har 'yan'uwanta sun garƙame masana'antarsa, kowa da nasa kwaɗon.

Mai magani ya buɗe akwatin, ya daɗe yana kallo. Shekara uku shi ke shirya wa marigayin maganin zuciya, shekara biyu yana sonta.

"Ba ni na zuba waɗannan ba," ya ce. "Baba ba ya iya haɗiye ƙwaya guda, kullum sai na raba masa biyu. Duba, babu wadda aka raba. Wani ya canza su bayan sun bar hannuna."

"Wa ya karɓi na ƙarshe?"

Ya sunkuyar da kai. "Yayanki. Jiya ma ya dawo. Ya ce in na kama bakina, zai ɗaura mana aure kafin rabon gado."

Ta zuba masa ido. Wannan yayan ne ya taɓa korarsa daga ƙofar gida, wai ƙanwarsa ta fi ƙarfinsa.

"Me ka ce masa?"

"Ban ce komai ba. Wallahi saura kaɗan in ce to." Ya ɗago kai. "Amma Baba ya yarda da hannuna."

Ta rufe akwatin, ta tura masa a hankali har yatsunsu suka kusa haɗuwa.

"Gobe ka faɗa wa alƙali abin da ka gani. In an tashi daga kotu, ka nemi aurena wurin baffana. Ni ba na cikin kayan gado, balle Yaya ya yi kyauta da ni."