Tsirkiya ta Uku

Tun ana kiran ƙasar nan Gwalkwas, kawuna Iro, direban lori a tashar Kejetia, yana da gita mai tsirkiyar ƙarfe. A cinya yake kwantar da ita, yana goga mata wuyan kwalba. Kakata ta tsane ta, kayan mashaya bammi take ce mata.

Da Kaka ta fita takaba sai ta daina magana. Har waƙar niƙan da ta zo da ita Zango daga Arewa ta mutu a bakinta.

Wata la'asar Kawu ya zaunar da ni a ƙofar ɗakinta, ya ce, "Rera min waƙar Inna." Ina rerawa yana murɗa kunnuwan gitar, yana warware saitin da makaɗan Sekondi suka koya masa. Sautin ya ƙi zama. Gumi ya jiƙa masa riga.

Sai muka ji daga bayan labule: "Iro, ta ukun ta yi tauri. Sassauta mata."

Ya sassauta.

Yau na tsufa, waƙar ta ɓace min, amma muryar nan tana kunnena. Ashe duk shekarun nan tana saurare.