Kofin Maganin Kaka

Yarinyar ba ta kai shekara ɗaya da rabi ba, amma ta san inda kowane abu yake zuwa. A ba ta mataji, sai ta kai shi ka. A ba ta waya, sai kunne. Duk a ido ta koya.

Ran nan uwarta ta miƙa mata ɗan kofin maganin Kaka ta yi wasa da shi. Ba ta kai shi baki ba. Ta taka har tukunyar furen da ke gefen gadonsa, ta kifar a ciki.

Uwar ta ƙura wa tukunyar ido. Wata uku mahaifinta, Kaka, yana ramewa, likita ya rasa dalili. Ƙanwarta ce mai ba shi magani kullum.

Ta kira ta. "Ke Auta, wa yarinyar nan ta ga yana haka?"

"Wallahi Yaya, a hannunsa nake sa masa, sai in fita ɗebo ruwa."

Sai yarinyar ta goge baki da bayan hannu, ta yi ɗan tari irin na tsofaffi, ta ce, "Na sha."

Kaka ya juya fuskarsa bango.