Kariyar Bayan Ɗaki

Ranar da Habibullah ya dawo Gagarawa da digirinsa na aikin gona, tun bai ajiye jaka ba idonsa ya faɗa kan ɗan icen da ke bayan ɗakin mahaifiyarsa. Tun yana rarrafe yake ganinsa, amma sai yau ya san shi: kariya ce, mai gindi kamar tulu, wadda ke zubar da ganye da rani ta fitar da jan fure a kan rassa tsirara.

"Inna, ruwa zai kashe ta. Rana take so da yashi, ke kuma kin ɓoye ta a inuwa."

Inna Lauratu ta kau da kai. Duk Juma'a takan tsuguna gaban icen da buta, tana zubawa, leɓɓanta na motsi. Ko akuya ba ta bari ta raɓi wurin.

Ya zagaye gindin da igiya, ya kimanta shekarunta, ashirin da huɗu.

"Ashe sa'ata ce," ya ce yana dariya.

Inna ta shige ɗaki ta saki labule.

Da ta tafi bikin suna a garin Sule Tankarkar, tafiyar kwana uku, ya ga dama ta samu. Saiwar ba ta yi zurfi ba. Ya ɗago ta a hankali, ya dasa a rabin duro a ƙofar gida, inda rana ke dukanta. Bayan ɗakin kuwa ya cire tsohon darnin da ya kewaye wurin icen, ya baje ƙasa, ya ja kunyoyin tumatir daga katanga zuwa katanga.

Inna ta dawo da hantsi. Tana ganin furen a ƙofa ƙullin kayanta ya suɓuce. Ta wuce bayan ɗaki, ta tuɓe takalmi, tana bin kunyoyin ɗaya bayan ɗaya, tana taka ƙasar kamar mai gudun tada mai barci.

"Ba ta mutu ba fa, Inna. Dubi furen."

"A ina ka tono ta? Nuna mini daidai wurin."

Ya duba. Kunyoyin duk iri ɗaya ne. Ya nuna nan, ya janye hannu, ya nuna can.

Ta zauna a ƙasa.

"Ku biyu na haifa ranar nan," ta ce. "Kai na goya. Shi kuma na dasa masa wannan, don kada inda yake kwance ya ɓace mini."